Baba yana jiran Dakta, ni kuwa sosiyoloji nake so

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, bana na ci jarrabawar gama sakandare ta BAC, sashen D na kimiyya. Tun ina firamare "Dakta" ake kirana a gida, Baba kuma ya gama shelanta wa abokan zamansa na Kasuwar Dole cewa ɗiyarsa likita za ta zama. Bara yayata ta rasu wurin haihuwar fari. Sai da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauyen mijinta kafin a kawo ta birni, ni na zauna da ita har Allah ya karɓi abinsa. Likitoci sun yi iya yinsu. Abin da ya hana ni barci tun ranar shi ne kwana biyun nan: wa ya ce a jira, don me aka jira, me ya hana ta yin magana? Wani malaminmu ya ce mini akwai fannin da aikinsa ke nan, ilimin zamantakewa, wato sosiyoloji, kuma ana koyar da shi a jami'armu. Da na faɗa wa Baba sai ya ce karatun surutu ne, ba ya ba da aiki, ba ya warkar da kowa. Yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata, Mama kuma sai kuka. Har gobe lafiyar mutane nake so in yi wa aiki. Na kauce hanya ne? Lokacin rajista ya matso.

Ɗiyarki daga Garin Malam

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan yayarki, ya karɓi shahadarta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ba ki kauce ba. Zan gaya miki dalili, sannan in nuna miki inda Babanki ya yi gaskiya, don akwai gaskiya a maganarsa, ba kuma zan ɓoye ta ba don in faranta miki rai.

Aikin ungozoma na yi har na ajiye, yawancinsa a karkarar kudancin jihar nan. In na zauna ina tuna matan da suka cika a hannuna, kaɗan ne cikinsu waɗanda ciwonsu ya gagari ilimin likita. Zubar jini bayan haihuwa an san maganinsa. Jijjiga an san maganinta. Ɗan da ya kwanta a gicciye an san a yi tiyata a fidda shi. Abin da ya ci su ya faru ne tun kafin amalanke ta tsaya a ƙofar asibiti. Maigida ya tafi ci-rani, ba wanda zai ba da izinin fita. Uwar miji ta ce ita goma ta haifa a ɗaki, ba ta taɓa ganin likita ba. Yarinya mai cikin fari ta datse haƙora ta yi shiru, don an rene ta a kan cewa ɗiyar kirki ba ta raki wurin naƙuda. Sai an gwada jiƙo, sai gari ya waye, sai an samu mai sayen akuya a haɗa kuɗin mai. Kowannensu yana sonta, babu mugu ko ɗaya a gidan, amma rana ta fito ta faɗi sau biyu tana durƙushe.

Wannan abu da ya hana ki barci yana da suna a littattafan lafiya. A 1994 wasu mata biyu masu bincike a Amurka, Thaddeus da Maine, suka kasa shi gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ki duba da kyau. Na farko magana ce ta wa ke da iko a gida da wa ke riƙe da kuɗi. Na biyu magana ce ta hanya da abin hawa da talauci. Na uku ne kaɗai ke cikin katangar asibiti, shi ma rabinsa halin ma'aikata ne da tsarin aiki. Allura ba ta shiga waɗannan wurare. Wanda zai gyara su sai ya iya zama a tabarma ya saurari mutane, ya gane yadda suke yanke shawara, ya rubuta abin da ya gano ta yadda mai tsara aiki zai iya amfani da shi.

Ba sai na kai ki nesa ba, a jihar nan aka yi abin da zan ba ki misali da shi. A 2007 hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta sa aka yi bincike a jihar Damagaram kan abin da ke hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a asibiti. Abin da ya fito fili shi ne maganar miji ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Mun yi shekara da shekaru muna tara mata a rumfa muna yi musu jawabi, su gyaɗa kai su koma gida, alhali mai ba da izinin yana majalisa bai ji ko kalma ɗaya ba. Daga binciken nan aka buɗe makarantun mazaje 11 a 2008 a yankunan Magarya da Matamaye. Babu aji babu allo. Magidanta ne da ake jin maganarsu a gari suke zama lokaci-lokaci da ma'aikatan lafiya, su tattauna matsalar garinsu, sannan su bi ƴan'uwansu maza har fada da ƙofar masallaci. Na ga namijin da da can ko sunan awo ba ya son ji ya ɗauko matarsa a babur da kansa, ya zauna a benci yana jira. Tsarin ya bazu sauran jihohin Nijar, har wasu ƙasashen yammacin Afirka suka ara. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, wani ne ya tsaya ya tambayi wa ke da ta cewa a gida.

Haka a Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada damƙa wa iyaye mata ɗan zaren awon damtse mai launi uku, su riƙa auna ƴaƴansu da kansu don gano tamowa da wuri: kore lafiya, rawaya a kula, ja a garzaya asibiti, wato damtsen ya kasa milimita 115. Da yawa sun ɗauka macen da ba ta je lakwal ba ba za ta iya ba. Ta iya, kuma ita ke ganin ɗanta kullum, ba sai ta jira mai zagaye ba. Ga kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata cikin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ranar farko a gaban mai rabo ake ba yaro. Ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa suke. Ko ta ba shi, ko ta adana don ranar da zazzaɓi ya zo, ko ta raba da ɗan kishiya da ya wuce shekarun, ko ta daina don yaro ya yi amai ranar farko, duk wannan ba a ganinsa a cikin rajistar asibiti. Sai an shiga gida an zauna.

In kuma kina son ganin abin da rashin wannan ilimi ke jawowa, tuna Kano a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna. Maganin yana nan a cikin sanyi, ma'aikata suna nan. Yarda ce ta karye, kuma tana da tushe, don mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yaransu a 1996 ba. Sai a tsakiyar 2004 aka koma yi, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Mu da muke bakin iyaka mun ji a jikinmu, ƙofa nawa aka rufe mana a fuska.

Akwai wanda ya fi yi mini ciwo, shi ne na cikin gidanmu, mu ma'aikata. A Yamai akwai cibiyar bincike mai suna LASDEL, an kafa ta a 2001, masana zamantakewa ne ke aiki a cikinta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Olivier de Sardan, shi da Yannick Jaffré suka jagoranci wani bincike da aka buga a 2003 kan yadda ma'aikatan lafiya ke mu'amala da marasa lafiya a manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Masu binciken sun zauna a asibitoci suna kallo suna rubutawa: tsawa, wulaƙanci, fifita mai sanayya, barin baƙauye a layi. Da na ji abin da suka rubuta sai na tuna wani dare. Wata yarinya ta zo mini da doguwar naƙuda, na gaji, ni kaɗai ce a bakin aiki, na daka mata tsawa a gaban uwar mijinta, na ce ina kuke tun jiya. Ta haihu lafiya. Amma cikinta na biyu ba ta zo ba, a gida ta yi, ta samu yoyon fitsari. Daga baya wata maƙwabciyarta ta gaya mini cewa ta ce ba za ta koma inda aka kunyata ta ba. Har yau ina neman gafarar Allah a kan daren nan. An koya mini auna ciki da ɗinki da ƙarin ruwa, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini cewa kalma ɗaya tawa tana iya zama jinkirin farko na haihuwa mai zuwa. Masanan cibiyar nan kuma sun bi diddigin kyautar magani da gwamnati ta shelanta tsakanin 2005 da 2006, ta tiyatar haihuwa da ta yara ƴan ƙasa da shekara 5, suka nuna yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar kantocin magani fayau, har uwa ta zo da katin kyauta a miƙa mata takardar saye.

To wannan shi ne karatun da aka kira na surutu. Yanzu ga inda Babanki ya yi gaskiya.

Da takardar sosiyoloji ba za ki taɓa majinyaci ba. Ba allura, ba tiyata, ba rubuta magani. Ranar da mace ke zubar da jini a gabanki, gefe za ki matsa ki ba wani wuri. In akwai wani ɓangare na zuciyarki da yake son hannunki ne ya tsayar da jinin, wannan karatu zai bar ki da ƙishirwa har tsufa. Maganar aiki kuma ba ƙarya ya yi ba. Likita ko malamar jinya ko ungozoma, ko gwamnati ba ta ɗauke su da wuri ba, sana'a na hannunsu. Mai lisans, wato digirin farko, na sosiyoloji kuwa, da yawa suna nan suna koyarwa da kwantiragi ko suna jiran a kira su aikin tambayoyi na sati biyu. Ƙungiyoyin agaji da suka saba ɗaukar irinsu ma sun ja baya, musamman tun da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025 ayyuka da yawa suka tsaya a Afirka. Abu na uku shi ya fi nauyi a wurina: ƙofofin biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Likita yana iya ƙara ilimin zamantakewa daga baya. Dakta Paul Farmer, Ba'amurken da ya yi rayuwarsa yana jinyar talakawan Haiti har ya rasu a Ruwanda a 2022, da takardun biyu ya yi aiki, ta likita da ta nazarin al'umma. Amma wadda ta bar BAC D ɗinta ta yi shekara biyar a wani fanni, da wuya ta dawo ta fara karatun likita da ba ya kasa shekara 7.

Don haka kada ki yi rajista da zafin rashi. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: son sanin dalili ne ke jan ki, ko kuwa tsoron sake tsayuwa a ɗakin da yayarki ta cika ne ke korar ki? In na biyun ne, lokaci yana warkar da shi, kuma bai kamata ki canza rayuwarki a kansa ba.

Ga abin da nake so ki yi kafin ranar rajista. Ki samu majo, wato shugaban ƙaramin asibitin CSI mafi kusa da ku, ki roƙe shi ya bar ki ki zauna sati ɗaya ko biyu a rumfar awo da ta rigakafi, kina taimaka musu da layi da kati. Ki riƙe ɗan littafi. Kowace yamma ki rubuta abin da ya tsaya miki a rai, ba tare da sunan kowa ba. Ranar ƙarshe ki karanta. In shafukan sun cika da yadda aka gano ciwo da abin da aka ba da, ki tafi sashen likita da farin ciki, ko makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP ta nan Damagaram in shekarun sun yi miki yawa, daga baya ki ɗora lafiyar al'umma a kai. In kuwa sun cika da wa ya rako ta, nawa ta biya kabu-kabu, me ya sa waccan ta juya ba ta shiga ba, kin samu amsarki. Ki haɗa da istihara.

Kin tambaye ni, ba zan noƙe ba. A wasiƙarki ba ki tambayi wane magani aka ba yayarki ba, ba ki tambayi me ya sa tiyata ba ta cece ta ba. Tambayoyinki uku duk a kan kwana biyun ƙauye suke. Ni a ganina can hankalinki yake, kuma ƙasar nan tana da buƙatar masu irin wannan hankali, musamman mata. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matanmu ana aurar da su kafin shekara 18. Waɗannan yara ba za su buɗe cikinsu ga namiji baƙo mai tafinta ba. Ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki, ki ji abin da ake faɗa da abin da aka haɗiye.

Sai dai in kin shiga, kada ki yi karatun haddace takarda a zuba ranar jarrabawa, nan ne surutun da Babanki ke tsoro yake. Lissafin da kika sha a sashen D shi ne jarinki, yawancin abokan ajinki gudunsa za su yi. Ki riƙe ƙididdiga da kyau, ki iya aiki da kwamfuta, ki koyi rubuta rahoto gajere mai tsabta da Faransanci, ki fara Ingilishi. In za ki iya tsintar Barbarci ko Fulatanci, ki tsinta, jihar nan ba Hausa kaɗai ake ji ba. Kowane hutu ki nemi aikin koyo a wurin da ake jinya. Duk wani bincike da za a ba ki, ki karkata shi wajen lafiya. Unguwar Kara-Kara, inda aka zaunar da kutare a da, ita kaɗai ta ishe ki tambaya: kuturta tana warkewa da magani tun shekarun 1980, amma ƙyamar da aka yi wa kakanni tana bin jikoki har wurin neman aure da neman aiki. Kuma ki sa a ranki tun yau cewa shekara 3 na lisans ba su isa ba, sai kin ƙara 2 na masta, a lafiyar al'umma ko a zamantakewar lafiya.

Saura Baba. Ɗiyata, ke yaya kika rasa, shi ɗiya ya binne. Ina kyautata zaton tun ranar yake gaya wa kansa cewa in ke kika zama likita, hakan ba zai sake faruwa a gidansa ba. Da kika ce sosiyoloji, abin da ya ji shi ne kin janye hannu daga wannan alkawari. Don haka kada ki je masa da gardamar wane fanni ya fi wane. Ki ci gaba da durƙusawa kina gaishe shi safe da yamma ko ya amsa ko bai amsa ba. Ki samu gwaggonki ko wani amininsa da yake jin nauyinsa, ki fara zayyana musu, su share miki hanya. In malami ne zai shiga maganar, ya san Ibn Haldun, wanda ya yi alƙalancin Malikiyya a Alƙahira. Shi ya rubuta Muƙaddima a 1377 yana nazarin yadda al'umma ke haɗuwa da yadda take rushewa, tun Turawa ba su raɗa wa fannin suna ba. Ita kanta jami'ar da za ki shiga sunan André Salifou take ɗauke da shi, ɗan garin nan wanda tarihi ya karanta, ya rubuta na daular Damagaram, ya kuma shugabanci taron ƙasa na 1991.

Ranar da za ki zauna da shi, ki je da tsari a hannu: shekarun karatu, abin da za ki ƙara a kai, irin wuraren da ake aiki da shi, da ɗan littafinki na CSI. Ki ce masa, Baba, Yaya ta iso hannun likitoci, amma ta iso a makare, ni ina so in yi aikin da zai sa ta gaba ta iso da wuri. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi tunani, ko da zai ɗauki kwanaki. Mama kuma ki zauna da ita daban, kukanta ba na karatunki kaɗai ba ne.

In duk an yi wannan ya ce sai likita, kada ki yi rajista a ɓoye. Ki bi maganarsa ki shiga da zuciya ɗaya, don ta wannan ƙofar ma ana isa inda kike so: akwai darasin lafiyar al'umma a cikin karatun, kuma kundin kammalawarki kina iya yinsa a kan matan da ake kawowa daga ƙauye a makare. Ki sake rubuto mini bayan kin gama zaman CSI, ina son in ji abin da kika tarar a littafin.